Yadda ake raba ƙarfin babbar kwamfuta tsakanin sassa da dama

A cibiyoyin adana bayanai na bankuna da kamfanonin sadarwa da hukumomin gwamnati, ba kowane aiki ake saya wa kwamfutarsa ba. Akan ɗauki babbar kwamfuta guda, wadda ake kira sabar ko uwar garke, a tsaga ta da manhaja zuwa sassa, kowane sashe yana aiki tamkar kwamfuta mai cin gashin kanta. Manhajar rabo ce ke tsakanin na'urar da waɗannan sassa, ita ke yanka wa kowa kasonsa.

Asalin fasahar

Kamfanin IBM na Amurka ya fara gwada dabarar a shekarun 1960, sannan ya fitar da VM/370 a 1972. VMware ya kawo ta kan ƙananan sabar da ESX a 2001, aka kuma shigar da KVM cikin Linux a 2007.

Rabon furosesa

Furosesa ita ce ke lissafi da aiwatar da umarni. Ana iya keɓe wa sashe tasa shi kaɗai, ko a tara su wuri guda kowa ya riƙa ɗiba. Tun 2004, na'urorin POWER5 na IBM suka ba da damar a bai wa sashe kashi ɗaya cikin goma na furosesa guda.

A tsarin PowerVM na kamfanin, akwai sashen da ake ƙayyade wa iyaka, akwai kuma wanda ake bari ya ari abin da wasu ba sa amfani da shi. Idan masu aro suka yi yawa, matsayin da aka bai wa kowanne, daga 0 zuwa 255, shi ke raba gardama.

Rabon ma'adana

Ma'adanar wucin gadi ta fi wuyar sha'ani. Ana karɓe furosesa daga sashe cikin ƙiftawar ido, amma ma'adana tana ɗauke da bayanan da ake aiki da su, sai an kwashe su kafin a bai wa wani. Idan ta yi ƙaranci, sai a koma jibge bayanai a faifan ajiya, wanda bai kai ta sauri ba ko kusa, aiki ya koma tafiyar hawainiya.

Hanyoyin sadarwa da faifai

Sau da yawa sassa kan yi tarayya a katin sadarwa da hanyar isa ga faifai. A PowerVM wani sashe na musamman ke yi wa sauran wannan hidima, shi ya sa ake kafa guda biyu, domin in ɗaya ya tsaya ɗayan ya ci gaba.

Inda haɗarin yake

Babbar matsalar ita ce alƙawarta wa sassa fiye da abin da na'urar ta mallaka, bisa zaton ba za su nema lokaci guda ba. Zaton kan rushe a ranakun cunkoso, kamar ƙarshen wata da ake biyan albashi. Haka kuma idan na'urar ta lalace, duk sassan da ke kanta sukan tsaya tare.

Don haka ƙwararru kan ware wa muhimman ayyuka kason da ba a taɓawa, su riƙa auna amfanin kowane sashe, su kuma bar sarari a wata sabar da za a mayar da aiki idan larura ta taso.