Katnif: Tsiron da kyanwa da ƙudan zuma ke rububinsa

Katnif, wanda masana ke kira Nepeta cataria, tsiro ne ɗan gidan su na'a-na'a da ɗoɗɗoya. Asalinsa Turai ne da yammaci da tsakiyar Asiya, daga bisani ya bazu a Arewacin Amurka. Tsayinsa yakan kai santimita 50 zuwa 100, kuma yana sake tohowa duk shekara.

Sirrinsa a wajen kyanwa

Ganyensa na ɗauke da sinadarin nefetalakton, wanda Samuel McElvain na Jami'ar Wisconsin ya fara warewa a 1941. Da zarar kyanwa ta shaƙi ƙamshinsa sai ta shiga birgima, tana goga fuska da lasar ganyen, na tsawon minti 5 zuwa 15. Kusan biyu cikin kowaɗanne kyanwoyi uku ne ke yin haka, domin abin gado ne, kuma 'yan jarirai ba su damu da shi ba. A 2021, masu bincike na Jami'ar Iwate da ke Japan sun nuna cewa irin waɗannan sinadarai da kyanwa ke shafawa a jikinta suna korar sauro.

Rabon ƙudan zuma

Ƙananan furanninsa farare masu ɗigon shunayya suna jawo ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne: rahoton IPBES na 2016 ya bayyana cewa kimanin kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gonar da duniya ke ci sun dogara, ko yaya, ga halittu masu yaɗa ƙurar fure, alhali magungunan feshi da share dazuzzuka na yi musu barazana.

Yadda ake shuka shi

Yana son rana da ƙasar da ba ta riƙe ruwa, amma a wurare masu tsananin zafi yana buƙatar inuwar yamma. Ana barin tazarar santimita 45 zuwa 60 tsakanin tsirrai.

Matsalar mai lambu ita ce buƙatun baƙin nasa sun saɓa. Kyanwa na murƙushe tsiron tun yana ƙarami, ƙudan zuma kuwa sai ya yi fure suke amfana. Mafita ita ce a kife kejin waya a kansa har ya yi ƙarfi, a riƙa tsinkar wa kyanwa ganye ana shanyawa a inuwa, a kuma guji feshi. Furen da ya bushe a yanke shi kafin ya zubar da iri, in ba haka ba ya mamaye lambun.