Gwajin matakin kama wuta: yadda ake gane gurɓataccen kananzir

A garin Illela na jihar Sakkwato, wanda ke kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar daura da Birnin Ƙonni, cinikin mai a jarkoki da kwalabe tsohuwar sana'a ce. Ko a shekarar 2019 sai da hukumar kwastan ta Najeriya ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, domin daƙile fasa-ƙwauri. To sai dai man da ya bi hannu da yawa kafin ya isa gida yana da wani haɗari da ido ba ya gani, wato gauraya kananzir da fetur.

Mene ne matakin kama wuta?

Shi ne mafi ƙarancin zafin da mai zai kai ya fitar da tururin da zai kama wuta idan aka kusanto da harshen wuta. Fetur yakan kai wannan mataki tun a kusan digiri 43 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, yayin da kananzir mai kyau ba ya kai wa sai daga digiri 38 zuwa sama. Wannan tazara ce ta sa ake iya zuba kananzir a fitila da risho.

Yadda ake gwajin

A ɗakin gwaje-gwaje, akan zuba man a wani ɗan kofin tagulla mai murfi, a riƙa ɗumama shi sannu a hankali ana motsawa. Lokaci-lokaci sai a buɗe wata 'yar kafa a miƙa ƙaramin harshen wuta. Zafin da aka fara ganin wuta ta yi wal ta mutu, shi ake rubutawa. Masanin kimiyya Frederick Abel ne ya ƙera irin wannan na'ura, wadda dokar Birtaniya ta amince da ita a 1879.

Abin da ya sa gwajin ke da muhimmanci

Fetur kaɗan ya isa ya saukar da matakin kananzir ƙasa da zafin ɗaki, balle a yankin Sakkwato inda zafin bazara kan haura digiri 40. Tururi sai ya taru a cikin tankin fitila, da an ƙyasta ashana ya fashe. A shekarar 2001 irin wannan kananzir ya ƙona mutane da dama a Legas.

A Najeriya, sa ido kan ingancin mai na hannun hukumar NMDPRA da aka kafa a 2021, tare da hukumar SON. Amma kwalbar da aka saya a bakin hanya ba ta da takardar gwaji. Don haka ake shawartar magidanta da su guji kananzir mai warin fetur, kada kuma a ƙara wa fitila ko risho mai alhali suna ci.