Ƙwayoyin roba da shaidar mutanen gaɓa

A shekarar 1972 wasu masu bincike biyu, Edward Carpenter da Kenneth Smith, suka ba da rahoto a mujallar Science cewa ragarsu ta kamo ɓarɓashin roba a Tekun Sargasso, can cikin Atlantika, nesa da kowace gaɓa. Ba a ɗauki batun da muhimmanci ba. Sai a 2004 Richard Thompson na Jami'ar Plymouth a Ingila ya yaɗa sunan da ake kiran wannan ɓarɓashi da shi a yau, aka kuma saba ƙayyade shi da duk abin da bai kai milimita 5 ba.

Matsalar ita ce teku ya fi ƙarfin masana. Jirgin bincike tsada gare shi, gaɓar duniya kuwa ba ta zagayuwa. A 2005 Hideshige Takada, masanin sinadarai a Tokiyo, ya samo mafita mai arha. Masana'antu na sarrafa roba ne daga wasu ƙwayoyi kamar na dawa, waɗanda ke zubewa a tashoshin jiragen ruwa da magudanu. Ƙwayar da ta daɗe tana yawo a ruwa tana tsotsar guba irin su PCB da DDT, launinta kuma ya koma rawaya. Takada ya roƙi duk mai zuwa bakin teku ya tsinci waɗanda suka yi rawaya da hantsakin ƙarfe, ya naɗe su a takardar alminiyom, ya aika masa ta gidan waya. Daga waɗannan ambulan shirinsa na International Pellet Watch ya zana taswirar gubar gaɓoɓin nahiyoyi da dama.

A nan ɗan sa-kai hannu ne kawai, fassarar sakamako tana wurin masani. Masu suka ma sun ce shaidarsa na da rauni, domin mutane sun fi tsinta inda ƙafa ke kaiwa da abin da ido ke gani. Sukar tana da tushe, musamman game da zaruruwan da ba sa ganuwa sai da madubin ƙara girma.

Amma a Texas ta Amurka shaidar ta tsaya gaban alƙali. Diane Wilson, wadda ta gaji kamun jatan lande daga iyaye da kakanni, ita da abokan aikinta, ciki har da tsofaffin ma'aikatan kamfanin Formosa Plastics, sun shafe kusan shekara uku suna tsintar ƙwayoyi a kewayen Mashigin Lavaca, suna rubuta rana da wuri a kan kowace leda. Samfurin da suka kai kotu ya haura 2,000. A 2019 kotun tarayya ta sami kamfanin da laifin saɓa dokar tsaftar ruwa, ya kuma amince ya biya dala miliyan 50 tare da daina zubar da roba gaba ɗaya. Yarjejeniyar ta ba Wilson da mutanenta damar ci gaba da sa ido, kamfanin kuma ya biya tara duk lokacin da aka tabbatar ya sake zubarwa.