Daga Huhun Goro Zuwa Dalar Gyaɗa: Darussa Daga Tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Mu 'yan Bebeji da neman abinci ya rarraba mu a Kano da Kaduna da Abuja da Legas, har ma da ƙasashen ƙetare, da wuya mu ambaci sunan garinmu a cikin jama'a ba a samu wanda zai ce, "Af, garin su Ɗantata!" ba. Muna jin daɗin haka, muna kuma alfahari da shi. Sai dai alfahari kaɗai ba ya riƙe kasuwa. Da yawanmu 'yan kasuwa ne ko masu sana'a, kuma mun sha ganin yadda shago ko kamfani ke durƙushewa tun ba a yi sadakar arba'in ɗin mai shi ba. To, me ya sa gidan da Alhaji Alhassan Ɗantata ya kafa yake nan a tsaye, shekara 70 da ɗoriya bayan rasuwarsa? Wannan ita ce tambayar da muke son mu bi diddiginta.

Asali da Tasowa

An haifi Alhassan a Bebeji a shekarar 1877, a cikin zuriyar Agalawa, waɗanda tare da Tokarawa da Kambarin Barebari suka yi fice wajen fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Mahaifinsa, Abdullahi, madugu ne. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce. Yana yaro ƙarami mahaifin ya rasu, mahaifiyar kuma ta tafi Ankara ta ƙasar Gana ta yanzu, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga sunan wannan baiwar Allah aka samo laƙabin Ɗantata. Ya yi karatun allo, yana kuma taɓa 'yar sana'a domin ya riƙe kansa. Da Basasar Kano ta ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, tarihin gidan ya nuna cewa yana cikin waɗanda aka kama, sai da fansa ya kuɓuta. Ke nan mutumin da ya zama attajirin attajirai bai tashi a kan tulin dukiya ba. Abin da ya gada shi ne sanin hanya da tarbiyyar fatake.

Makarantar Ayari

Ya kamata mu fahimci wannan tarbiyya, domin ita ce tushen komai. Ayarin Gwanja kan kwashe watanni a hanya, da jakuna da 'yan alaro, ana kai kanwa da tufafi da fatu, a komo da goro. Madugu ne shugaba. Shi ke yanke shawarar inda za a yada zango, shi ke sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito, shi ke raba gardama tsakanin fatake. Yana da jagaba mai shige gaba ya duba hanya, a kowane babban zango kuma akwai fatoma mai saukar baƙi, wanda ke haɗa su da dillalai, ya kuma tsaya musu in za a ba da bashi. Ba takardar yarjejeniya, ba kotun da ta haɗa Kano da Salaga. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne amana: wanda ya ci ta sau ɗaya, labarinsa kan riga shi isa zango na gaba.

Shi kansa goro malami ne. Kaya ne mai saurin lalacewa. Dole a riƙa kwance huhu ana dubawa, ana tsince wanda ya ɓaci, ana yayyafa ruwa. Ɗan kasuwar da ya tashi a kan goro ya san cewa jinkirin kwana guda asara ce, sakaci kuma ba ya yafiya.

In Kiɗa Ya Canza

Ƙarshen ƙarni na 19 ya zo da sauyi. Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, yaƙin basasa ya tarwatsa kasuwar Salaga a 1892, Turawa kuma suka ci Kano a 1903. Tsohuwar hanyar ƙasa ta fara mutuwa. Alhassan, wanda ya riga ya san Ankara ta dalilin mahaifiyarsa, yana cikin fataken farko da suka riƙa loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Legas, tafiyar da ta rage watanni ta mai da su kwanaki. Bai tsaya kukan hanyar iyaye da kakanni ba. Ya riƙe sana'arsu, ya sake mata hanya.

Sauyi na biyu ya fi girma. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa sun sa ran auduga ce za ta cika taragu domin masaƙun Ingila, amma manoman ƙasar Kano suka yi nasu lissafin: gyaɗa ta fi kuɗi, ta dace da jigawa, in kuma fari ya zo ana iya cin ta. A Turai ana neman man gyaɗa ruwa a jallo domin yin man shafa wa burodi da sabulu. Matsalar kamfanonin Turawa ita ce ba su san ƙauyuka ba, manomi kuma bai san su ba. Fataken goro su ne ke da yara a kowace kasuwa, su ke da jari, su ake yarda da maganarsu. A wannan lokaci ne Alhassan ya dawo Kano ya zauna a Ƙoƙi, kuma a 1918 kamfanin Niger Company ya nemi ya riƙa saya masa gyaɗa. Kafin tsakiyar shekarun 1920 ya zama attajirin da ya fi kowa a birnin. Da aka haɗe kamfanoni aka kafa UAC a 1929, shi ne babban mai kawo mata gyaɗa.

Jarinsa Mutane Ne

Yadda ya tafiyar da harkar shi ne abin lura. Yakan ba yaransa kuɗi tun kafin kaka, su shiga ƙauyuka su saya, a ɗauko a kan jakuna da raƙuma zuwa tashar jirgi. Kowane yaro yana da nasa rabon a cikin ribar, wanda ya nuna ƙwazo a ƙara masa jari har ya tsaya da ƙafarsa. Tsarin madugu da ayarinsa ne aka ɗauko aka dasa a sabon zamani. Buhunan da ke jiran taragu kuwa aka riƙa jera su tsibi-tsibi, abin da ya zama dalar gyaɗa, wadda guda ɗaya kan ci buhu wajen 15,000.

Bai kuma ji tsoron sabon abu ba. Sanannen labari ne cewa a 1929 ya kai kuɗin azurfa lodin raƙuma 20 ajiya a bankin Bank of British West Africa, wanda yau ake kira First Bank, a zamanin da yawancin attajirai ke binne kuɗi a tukwane. Ya ɗauki malamai masu rubuta shige da fice, ya kuma faɗaɗa harkarsa zuwa shanu da tufafi da duwatsun ado, don kada faɗuwar farashin kaya guda ta kayar da gidan. Duk da wannan daula, an san shi da tsimi da sauƙin rayuwa.

Wasiyya

Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. Kafin rasuwarsa ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya da su haɗa kai, kada su bari kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya wargaje. A ganinmu, wannan ce shawara mafi girma da ya yanke a duk rayuwarsa ta kasuwanci. Ahmadu ya riƙe ragamar kamfanin har rasuwarsa a 1960, Aminu ya karɓa, Sanusi kuma ya gina tasa babbar harkar ta gyaɗa da sufuri.

Jarrabawa ta zo daga baya. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun durƙusar da nomanta, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, aka kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano, amma gidan bai ɓace ba, domin tuni ya shiga gine-gine da masana'antu da harkar mai. Alhaji Aminu ya ci gaba da jagoranci har Allah ya karɓi ransa a watan Yunin 2025. Alhaji Aliko Ɗangote, jikan Sanusi ta wajen uwa, ya fara kasuwanci a 1977 da rancen da ya samu a cikin dangi, a 2023 kuma aka ƙaddamar da matatar mansa a Legas. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Kammalawa

Goro ya wuce, gyaɗa ta wuce, gidan yana nan. Ashe ba hajar ce dukiyar ba. Dukiyar ita ce amana, da mutanen da aka horar, da lissafin da aka rubuta, da zumuncin da aka ɗaure. Saboda haka ya dace kowannenmu ya tambayi kansa. Yara nawa daga gida muka ɗauko muka koya wa sana'a har muka sallame su da jari? Shin lissafin shagonmu yana cikin littafi, ko yana cikin kanmu kaɗai, ranar da muka faɗi ya bi mu kabari? Mun zauna da 'ya'yanmu, maza da mata, mun tsara yadda kowa zai sami haƙƙinsa na gado ba tare da an sayar da injin da ke ciyar da kowa ba? Ga madatsar ruwa ta Tiga a ƙasarmu tun 1974, ga matasa suna zaune a bakin titi. Wace haja ce gyaɗar wannan zamani, wa kuma zai zama madugunta?

Tsintsiya sai da ɗauri take shara. Maraya ne ya tashi daga wannan gari namu, ba mota ba waya, ya kafa abin da jikoki da tattaɓa-kunne ke ci har yau. Mu da muka sami boko da banki da hanyar kwalta, uzurinmu kaɗan ne. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu bar wa na baya abin da za su ɗora a kai.