Matuƙin da Hamada ta Riƙe Shekara 29

Sa'ad da silima ta fara magana, wajen 1927, ba a daɗe ba masu shirya finafinai na Amurka suka gane cewa ƙugin injin jirgin sama yana sayar da tikiti. A 1934 suka fitar da Murder in the Clouds: jirgi ya salwanta a sararin samaniya, ana zargin maƙarƙashiya, cikin sa'a guda asiri ya tonu. Ni da na tashi a Damargu, inda hanyar Agadas ke ratsa Tanut, wannan gaggawa ba ta taɓa gamsar da ni ba, domin Sahara ta yi nata labarin shekara ɗaya kafin fim ɗin.

Bill Lancaster Baturen Ingila ne. A 1932 kotun Miami ta wanke shi daga tuhumar kashe Haden Clarke, marubucin da ya nemi auren Jessie Miller, abokiyar tafiyarsa kuma masoyiyarsa. An sallame shi, amma sunansa ya ɓaci, aiki ya gagara. Sai ya ɗaura niyyar zarce Amy Johnson a saurin tafiya daga Ingila zuwa Cape Town, ko mutuncinsa ya dawo.

Ranar 12 ga Afrilu 1933 ya tashi daga Reggane ta Aljeriya da maraice, a gajiye liƙis, ya nufi Gawo. Injin ya mutu, jirgin ya kife a Tanezrouft, faƙon da ko madugan ayari suke shakka. Ya rayu kwana takwas a inuwar fiffike, da rauni a fuska, yana auna ruwa ɗan kaɗan kaɗan, yana rubutu a littafin jirgin. Masu nemansa suka karkata can kudu, suna zaton ya yi nisa. Duk wanda raƙuminsa ya taɓa ɓata a dajin Belbeji ya san irin wannan kuskure.

Sai ranar 12 ga Fabrairu 1962 sojojin sintiri na Faransa suka iske gawarsa a bushe kusa da jirgin, littafin a ɗaure jikin fiffike. Aka miƙa wa Jessie Miller, wadda ta daɗe da auren wani. Saƙonsa na ƙarshe, na safiyar 20 ga Afrilu, a kan katin man jirgi ya rubuta shi.