Sunan Wani, Alƙalamin Wani: Tarihin Ƙagaggun Labaran Taurarin Talabijin

A cikin shekarar 2007 wani labari ya tayar da ƙura a tsakanin marubutan ƙasar Ingila. Masu lissafin cinikin littattafai sun bayyana cewa wani ƙagaggen labari mai suna Crystal, wanda ke ɗauke da sunan Katie Price a bangonsa, ya fi littattafai shida da alƙalan gasar Booker suka tace a wannan shekara kasuwa, ko da an haɗa cinikinsu wuri guda. Ita dai gasar Booker ita ce mafi girma ga masu ƙaga labari da Turanci a ƙasar, kuma cikin mutum shidan nan har da gwanaye irin su Ian McEwan da Anne Enright, wadda ta cinye gasar. Katie Price kuwa 'yar tallar kayan ƙawa ce da sunanta ya game ƙasa a 2004, lokacin da ta shiga wani shirin talabijin inda ake jibge fitattun mutane a dajin Ostireliya ana ɗaukar hoton wahalarsu. Abin da ya ƙara wa miyar gishiri shi ne ba ita ta rubuta littafin ba. Wata 'yar jarida ce mai suna Rebecca Farnworth ta zauna ta yi aikin, kuma ita Price ba ta ɓoye haka ba.

A wannan maƙala za mu bi diddigin irin waɗannan littattafai, mu ga inda suka tsiro, da abin da suka ƙunsa, da dalilin da ya sa kasuwarsu ta yi sanyi. Abin da muke so mu nuna shi ne, bayan neman kuɗi, wata bukata ta musamman ce ta haife su, wato bukatar mutumin da kowa ke kallon fuskarsa amma bakinsa na hannun wani.

Asalin Taurarin

Kafin a yi littafin sai da aka yi tauraron. Shirye-shiryen talabijin na zahiri, wato waɗanda ake ɗaukar hoton mutane suna harkokinsu na yau da kullum ba tare da an ba su rubutaccen wasa ba, sun samo tushe a Amurka a 1973 da shirin An American Family. An bi iyalin wani mutum mai suna Bill Loud a jihar Kalifoniya wata da watanni, aka tace kashi 12 daga hoton da ya kai na awa 300, har jama'a suka ga yadda aurensa ya mutu. A 1992 tashar MTV ta fara The Real World, inda ta haɗa matasa bakwai da ba su san juna ba a gida ɗaya a birnin Niyok. A 1999 aka ƙirƙiro Big Brother a ƙasar Holan, wanda ya iso Afirka a 2003, Nijeriya kuma a 2006. Tashoshi sun rungumi irin wannan shiri ne saboda arharsa, domin ba sai an biya manyan 'yan wasa da tarin marubuta ba.

Su kuma kamfanonin ɗab'i sun daɗe da gane cewa sanannen suna yana sayar da takarda. Tun a 1994 aka fitar da labarin Swan da sunan Naomi Campbell, shahararriyar mai tallar tufafi, alhali Caroline Upcher ce ta rubuta shi. Saboda haka da talabijin ta fara ƙyanƙyashe sababbin taurari kowace shekara, sai maɗaba'u suka ga banza ta faɗi.

Shekaru Goma na Ganiya

Idan za mu sa wa wannan salo ranar haihuwa, sai mu ce 2005, shekarar da Nicole Richie ta fitar da The Truth About Diamonds. Nicole 'yar riƙon mawaƙin nan ce Lionel Richie, kuma ta yi suna a shirin The Simple Life da aka fara a 2003, inda ake kai ta ƙauye tare da ƙawarta Paris Hilton, 'ya'yan gata biyu, su yi aikin gona da na gida ana dariya. Tauraruwar littafin, Chloe Parker, ita ma 'yar riƙon wani mawaƙi ce da ta faɗa shaye-shaye ta kuma fito, tana da wata ƙawa mai baƙin hali. Da yake a wannan shekarar ce Nicole da Paris suka ɓata, masu karatu ba su sha wahalar gane da wa ake ba. Wannan dabara ta ba da labarin mutanen gaske a ƙarƙashin sunayen aro tsohuwa ce, domin tun ƙarni na 17 Madeleine de Scudéry ta yi ta a Faransa, ta zana manyan ƙasarta cikin rigar sarakunan dā.

Wadda ta kai salon ƙololuwa ita ce Lauren Conrad. Tun tana 'yar sakandare MTV ta fara ɗaukar hotonta a shirin Laguna Beach a 2004, daga nan ta zama tauraruwar The Hills daga 2006 zuwa 2009. A 2009 ta fitar da L.A. Candy, wanda ya shiga jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar New York Times. Ta bi shi da Sweet Little Lies da Sugar and Spice a 2010, sannan wasu uku a ƙarƙashin The Fame Game tsakanin 2012 da 2013. Labarin na wata budurwa ce 'yar shekara 19, Jane Roberts, da ta tafi Los Anjeles neman aiki tare da aminiyarta Scarlett, sai wani mai shirya shirin talabijin ya tsince su, suna ya zo, amana ta fara tsagewa.

A nan ne za mu ga abin mamakin wannan adabi. Shirin da aka ce na zahiri ne, ashe shiri ne da gaske. A 2009 Lauren ta faɗa a wata hira cewa wata wayar neman gafara da aka nuna wani abokin gabarta ya buga mata a The Hills, ba ta ma kan layin, haɗawa aka yi. A 2010 kuwa, a kashin ƙarshe na shirin, masu shi da kansu suka janye labulen da ke bayan ɗan wasan, sai ga shi ashe a farfajiyar kamfanin fim yake tsaye. Littafin da aka ce ƙage ne, shi ne ya bayyana yadda ake maƙala wa mutum makirfo a ƙarƙashin riga, da yadda ake turo masa saƙo ta waya a ce ya tayar da zance kaza, da yadda masu tace hoto ke yanka magana su ɗinka ta inda ba a yi ta ba. Wato an faɗi ƙarya da sunan gaskiya a akwatin talabijin, an kuma faɗi gaskiya da sunan ƙarya a littafi. Tauraron da ya sa hannu a kwantiragi ba shi da ta cewa kan yadda za a nuna shi, amma idan ya sauya sunaye ya ce tatsuniya ce, to ya sami ƙofar baya ta amayar da abin da ke cikinsa.

Jigogi Uku

Kusan duk littattafan nan a kan duwatsun murhu uku aka girka su: ƙawance, da dangantaka, da ɗaukaka. Ƙawance shi ne jigon A Shore Thing na 2011, wanda ya fito da sunan Nicole Polizzi, wadda aka fi sani da Snooki ta shirin Jersey Shore, tare da taimakon marubuciya Valerie Frankel. Labari ne na 'yan mata biyu 'yan uwa da suka je hutun bazara a bakin teku. Dangantaka ita ce jigon Dollhouse, shi ma na 2011, na 'yan gidan Kardashian uku, Kourtney da Kim da Khloé, waɗanda aka yi ta nuna rayuwar gidansu daga 2007 zuwa 2021. Taurarin labarin 'yan mata uku ne 'yan gida ɗaya, Kamille da Kassidy da Kyle, kowace sunanta ya fara da baƙin da na marubutan ya fara, har ma sunan littafin ta hanyar gasa aka bar wa masoya suka zaɓa. Ɗaukaka kuwa ita ce guguwar da ke shigowa kowane labari ta gwada ƙarfin ƙawancen da zumuncin. Babi gajere ne, harshe mai sauƙi, kuma a ƙarshe darasin ɗaya ne: suna abin aro ne, na gida shi ne naka.

Manazarta ba su raga wa littattafan ba, kuma takaicinsu yana da dalili. A 2011 ɗaliban Jami'ar Rutgers suka biya Snooki dala 32,000 don ta zo ta yi musu hira, alhali Toni Morrison, wadda ta ci kyautar Nobel ta adabi a 1993, dala 30,000 jami'ar ta ba ta don jawabin bikin yaye ɗalibai na wannan shekara.

Faɗuwar Rana

Shekarar 2014 ce ta nuna cewa kasuwa ta fara watsewa. Ƙannen 'yan Kardashian, Kendall da Kylie Jenner, sun fitar da Rebels: City of Indra tare da marubuciya Maya Sloan, amma duk da miliyoyin mabiyansu littafin bai yi kasuwa ba. A shekarar ce Rebecca Farnworth ta rasu. A shekarar ce kuma Zoe Sugg, wadda ta yi suna a YouTube ba a talabijin ba, ta sayar da kwafi 78,109 na Girl Online a makon farko a Ingila, kafin ya bayyana cewa Siobhan Curham ta taya ta rubutu. Jama'a sun koma wayar hannu, taurarin ma haka. Wanda ke da shafin Instagram zai iya mayar da martani cikin minti ɗaya, ba ya bukatar jiran shekara guda ya fake a bayan Jane ko Chloe. Da aka buɗe ƙofar gaba, sai ta baya ta rage amfani.

Abin Lura Gare Mu

Mu da muka ga muhawarar da aka tafka a shekarun 1990 kan abin da aka kira adabin kasuwar Kano, mun san cewa raina littafi don sauƙinsa ba nazari ba ne. Sai dai akwai bambanci babba. Marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da alƙalaminsu suka yi suna, daga baya aka mayar da littattafansu fim. Can kuwa suna ne ya riga alƙalami, aka nemo masa littafi. Shi ya sa da hasken tauraro ya dushe sai littafin ya bi shi, domin ba labarin aka saya ba tun farko, fuskar aka saya.

Duk da haka ba za mu zubar da su a kwandon shara ba. Mai son sanin yadda aka sarrafa rayuwar matasa ta zama hajar sayarwa a farkon wannan ƙarni zai sami shaida a cikinsu daga bakin waɗanda aka yi abin a kansu. Wanda ya fi cancanta mu tuna shi ne marubucin bayan fage, mai tsara babi da gina taurari da ɗinke zaren labari, wanda sau da yawa sai a shafin godiya ake tsintar sunansa. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yau da 'yan fim da mawaƙa da masu tashe a intanet ke ƙara yawa a cikinmu, ba abin mamaki ba ne a ƙwanƙwasa ƙofar ɗayanmu a ce ya ara alƙalaminsa. Aikin ba abin kunya ba ne, sana'a ce. Amma kafin ya ɗora biro a takarda, ya tabbata an rubuta yarjejeniya, an faɗi ladansa da kasonsa a cinikin, an kuma amince a sa sunansa inda mai karatu zai gan shi.