Yadda Kek Ya Shigo Gara

'Yan uwa mata, ku tambayi kakanninku: garar da, alkaki ce da nakiya da dubulan. Kek baƙo ne, fulawar kanti ce ta kawo shi. A Ingila har baƙar giya wasu ke zubawa cikin kwaɓin. Mu kam ƙwai ya ishe mu, da ɗan kanumfari da citta. Murhun gashi babu, sai mata suka yi dabara: yashi a gindin tukunya, gwangwanayen madara a kai, garwashi bisa murfi. To a 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, har 1992. Fulawa ta yi tsada. Uwar amarya a ƙauyukan Dambatta, tsohon alkakin nan na alkamar gida ne ya rufa mata asiri.